Muryar Jackie Chan da Masu Fassara

Bayan rasuwar Bruce Lee a 1973, masu shirya fim a Hong Kong sun yi ta neman magajinsa. A 1978 Yuen Woo-ping ya ba da umarnin Drunken Master, inda Jackie Chan ya fito a matsayin yaro mai taurin kai da ke shan duka, yana yarfa hannu don zafi. Daga nan faɗa da barkwanci suka samu gindin zama tare.

A wancan zamani ba a ɗaukar sauti a wurin aiki. Sai an gama ɗaukar hoto ake shiga ɗakin murya a ɗora magana da Kantonanci ko Mandarin, galibi da bakin wani. Shekaru da dama masu kallo ba muryar Jackie suke ji ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka yi da finafinan a Amurka. Drunken Master II na 1994 bai shiga sinimominsu ba sai 2000, da Turanci, an sauya kiɗan, an yanke fitowar ƙarshe. Shaolin Soccer na Stephen Chow, wanda ya fito a 2001, shi ma an datse shi sosai kafin a sake shi a 2004. Naushi kowa na gane shi. Barkwancin Chow kuwa a harshen Kantonanci yake zaune, cikin wasa da kalmomi da saurin mayar da martani, kuma mai fassarar da ke ƙoƙarin daidaita magana da motsin leɓe shi yake fara zubarwa.