Zuma a Tarihin Maganin Rauni: Daga Tsohuwar Misra Zuwa Zamanin Ƙwayoyin Cuta Masu Bijire wa Magani

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi sawun zuma a tarihin likitanci, domin ta nuna yadda aka daɗe ana dogaro da ita wajen warkar da rauni, da yadda aka yi watsi da ita a tsakiyar ƙarni na 20, da kuma dalilin da ya sa aka sake komawa gare ta.

2.0 Zuma a Zamanin Da

Takardun likitanci na tsohuwar Misra, musamman wadda ake kira Takardar Ebers ta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), sun ambaci haɗa zuma da kitse da zare domin ɗaure rauni. Likitan Girka Dioscorides, a ƙarni na 1 Miladiyya, ya yabe ta wajen maganin gyambo. Alƙur'ani ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, kuma likitocin Musulmi irin su Ibn Sina (980-1037) sun yi aiki da ita. Dukkansu sun ga tana warkarwa, amma sanin dalilin hakan sai daga baya.

3.0 Bincike da Watsi

A shekarar 1892 wani masani ɗan ƙasar Holan, Van Ketel, ya bayyana cewa zuma tana hana bakteriya yaɗuwa. Sai dai kafin binciken ya yi nisa, Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, kuma daga shekarun 1940 maganin ya bazu a asibitoci. Nan take aka mayar da zuma sahun maganin gargajiya. Abin lura shi ne, Fleming da kansa ya yi kashedi a 1945 cewa shan maganin ba bisa ƙa'ida ba zai koya wa ƙwayoyin cuta juriya. Haka kuwa aka yi: a 1961 aka ba da rahoton ƙwayar da ake kira MRSA a Ingila, wadda ba ta jin maganin metisilin. An ƙiyasta cewa a 2019 irin wannan bijirewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya.

4.0 Komawa ga Zuma

Gudummawar Nijeriya a nan ba ƙarama ba ce. A 1988 Spencer Efem na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Kalaba ya wallafa sakamakon jinyar mutum 59 masu raunuka da gyambo, waɗanda akasarinsu magungunan asibiti suka gaza a kansu. Da aka riƙa shafa musu zuma, 58 daga cikinsu suka sami sauƙi ƙwarai. A waɗannan shekaru ne kuma Peter Molan na Jami'ar Waikato a Niyuzilan ya duƙufa kan zumar itacen manuka.

Bincike ya nuna cewa zuma tana kai wa bakteriya hari ta fuskoki da dama. Kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, wanda ke tsotse ruwan jikin ƙwayar. Tana da tsami wanda yawancin bakteriya ba sa jurewa. A 1963 Jonathan White da abokan aikinsa suka tabbatar cewa wani sinadari da ƙudan zuma ke zubawa a cikinta yana haifar da haidurojin faroksaid idan ta gauraya da ruwa. A 2008 kuma masana a Jami'ar Dresden ta Jamus suka gano cewa ƙarfin zumar manuka daga sinadarin metilgilayoksal yake. Wannan taron dangi shi ke sa bijire mata ya yi wa ƙwayar wuya, saɓanin maganin da ke bin hanya guda. A 2007 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da bandejin zuma mai suna Medihoney.

5.0 Kammalawa

Bahaushe ya ce zuma da zaƙi da harbi. Hujjar da ta fi ƙarfi a kanta ta tsaya ne ga shafawa a ƙuna da wasu raunuka; ba ta maye gurbin allura ko ƙwaya idan cuta ta shiga jini. Zumar asibiti tatacciya ce da aka kashe ƙwayoyin cikinta, kuma ba a bai wa jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma, saboda haɗarin wata guba mai shanye jiki.

A nan ne aikin masanin harshe ya taso. Kalmar "ƙwayar cuta" a Hausa ta haɗa bakteriya da bairos, alhali maganin na farko ba ya taɓa na biyu. Muddin harsunanmu ba su bambance su ba, mai mura zai ci gaba da sayen kafso a kemis, yana ƙara wa bakteriya juriya ba tare da ya sani ba.