Taron Kalkedon na 451 da rabuwar Kiristocin Gabas

Ɗalibin da ya taɓa buɗa littattafan magabata a kan addinai da ƙungiyoyi, kamar na Ibn Hazam na Andalus ko na Shahrastani, ya tarar sun kasa Kiristoci kashi uku: Malkaniyya, Nasɗuriyya da Ya'aƙubiyya. Da yawa sukan haddace sunayen ba tare da sanin mafarinsu ba. Dukansu sun fito ne daga tambaya guda wadda ta dami daular Rum fiye da shekara 300. Musulmi sun ɗauki Annabi Isa (A.S.) bawan Allah kuma manzonsa. Su kuwa Kiristoci sun gaskata Yesu Almasihu Allah ne, kuma mutum ne. Da suka tsaya a kan haka, sai wata tambaya ta taso a tsakaninsu: ta yaya Allahntaka da mutuntaka suka haɗu a cikinsa?

Mafarin gardama

A farkon ƙarni na 4 wani limami na Iskandariyya mai suna Ariyus ya koyar da cewa Almasihu halitta ne, ko da yake ya fi dukan halittu ɗaukaka. Sarki Kustantin ya tara bishop-bishop a Nikiya a 325, suka yanke cewa zatin Ɗa da na Uba ɗaya ne. Bayan haka gardama ta koma ɗaya gefen. Apolinariyus na Lawudikiya ya ce Kalmar Allah ce ta maye gurbin hankalin ɗan'adam a cikin Yesu. Taron Kustantiniyya na 381 ya ƙi wannan, domin malaman lokacin sun ce in Almasihu bai ɗauki mutuntaka cikakkiya ba, to bai ceci mutum gaba ɗayansa ba. A nan ne nauyin maganar yake ga masu ita: ceton da suke sa rai a kansa ya rataya ga amsar.

Makarantu biyu ne suka ja ragama. Ta Antakiya ta fi kiyaye bambanci tsakanin ɗabi'un biyu, don kada a jingina wa Allah yunwa, gajiya da mutuwa. Ta Iskandariyya ta fi ƙarfafa haɗuwarsu, don kada a mai da Almasihu mutum biyu. Kalmar ɗabi'a a nan tana nufin ainihin abin da wani yake, kamar yadda malaman Larabci suka yi amfani da ita.

A 428 Nestoriyus, wanda ya tashi a makarantar Antakiya, ya zama bishop na Kustantiniyya. Ya nuna rashin yarda da laƙabin da jama'a suka saba ba Maryamu, wato mahaifiyar Allah, ya ce a kira ta mahaifiyar Almasihu. Kirilus na Iskandariyya ya tashi haiƙan a kansa. Taron Afisa na 431 ya tuɓe Nestoriyus, daga baya aka kore shi zuwa hamadar Masar. A 433 ɓangarorin biyu suka sa hannu a takardar sulhu, amma da Kirilus ya rasu a 444 sai wutar ta sake kamawa.

Abin da aka yanke a Kalkedon

Wani tsohon shugaban gidan zuhudu a Kustantiniyya, Yutikus, ya koyar da cewa bayan haɗuwar ɗabi'a ɗaya ce ta rage. An hukunta shi a 448, amma a 449 Diyoskorus, magajin Kirilus, ya shugabanci wani taro a Afisa ya wanke shi, ya kuma hana a karanta wasiƙar Fafaroma Liyo. Da sarauta ta koma hannun Markiyan da matarsa Pulkeriya a 450, sai suka kira sabon taro. Ɗaruruwan bishop-bishop suka hallara a watan Oktoba na 451 a Kalkedon, wadda a yau unguwa ce ta birnin Istanbul a Turkiyya.

Taron ya tuɓe Diyoskorus, ya karɓi wasiƙar Liyo, ya yanke cewa Almasihu guda ne, cikakken Allah kuma cikakken mutum, ana saninsa a cikin ɗabi'a biyu waɗanda ba su cakuɗe ba, ba su sauya ba, ba su kuma rabu ba. Mutanen Iskandariyya sun yarda a ce Almasihu ya kasance daga ɗabi'a biyu, amma suka ƙi a ce yana cikin ɗabi'a biyu. A harshen Girka harafi ɗaya ne ya bambanta waɗannan kalmomi, ek da en. A kunnensu, maganar Kalkedon koyarwar Nestoriyus ce ta dawo ta ƙofar baya. A kunnen Rum kuwa, maganar ɗabi'a ɗaya tana shafe mutuntakar Yesu.

Ba tauhidi kaɗai ne a cikin tukunyar ba. Iskandariyya ta daɗe tana ganin kanta ta biyu bayan Rum, ga shi taron ya ɗaga Kustantiniyya sama da ita. Da sarki ya naɗa Proteriyus a kujerar Diyoskorus da ƙarfin soja, jama'ar birnin suka kashe shi a 457. Sarki Zeno ya gwada sulhu a 482, Hirakal ya sake gwadawa a 638 da koyarwar nufi ɗaya, duk ba a dace ba.

Ta haka aka sami sunaye ukun nan. Malkaniyya su ne waɗanda suka bi Kalkedon, wato mutanen sarki. Ya'aƙubiyya sun ci sunan Yaƙubu Barada'i, wanda ya rasu a 578 bayan ya shekara da shekaru yana yawo a ɓoye yana naɗa limamai ga masu ƙin taron. Nasɗuriyya kuwa suna ne da aka laƙaba wa Ikilisiyar Gabas ta daular Farisa, wadda masu wa'azinta suka isa ƙasar Sin a 635, ko da yake mabiyanta ba su son sunan.

Rabon Afirka

Mafi yawan Kiristocin kwarin Nilu sun tsaya bayan Iskandariyya. Kibɗawan Masar sun riƙe nasu shugabanni, sarkin Rum na naɗa nasa. Lokacin da Amru ɗan Asi ya ci Masar tsakanin 639 da 642, shugaban Kibɗawa Biliyaminu ya yi shekaru yana ɓoye saboda tsanantawar wakilin Rum. Amru ya ba shi amana ya koma kujerarsa. A Nubiya, arewacin Sudan ta yau, mai wa'azin da ya isa masarautar Nobatiya wajen 543 daga ɓangaren masu ƙin Kalkedon yake, kuma sarauniya Tiyodora ce ta aike shi.

Habasha ma daga Iskandariyya take karɓar bishop ɗinta tun ƙarni na 4, ba ta sami cikakken shugabancin kanta ba sai 1959. Ikilisiyarta na kiran kanta Tewahedo, ma'ana haɗuwa wuri ɗaya, kalmar da ke da tushe guda da tauhidi a Larabci. Ke nan Najashin da ya karɓi Musulmi masu hijira wajen 615, wanda littattafan sira suka ce Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam, sarki ne na ƙasar da ke cikin wannan ɓangare. Su kuwa Katolika da Furotesta, irin waɗanda muke zaune da su a Yamai, Maraɗi da Damagaram, magada ne na hukuncin Kalkedon.

Bayan shekara 1500

A ƙarni na 20 malaman ɓangarorin suka koma suka sake karanta tsoffin takardu tare. Suka lura kalmar Girkanci da ake fassarawa da ɗabi'a ba ma'ana ɗaya take da ita a bakin Kirilus da na mutanen Antakiya ba, kuma Kibɗawa da Habashawa ba su bin koyarwar Yutikus. A 1973 Fafaroma Bulus na 6 da Shenuda na 3, shugaban Kibɗawa, suka sa hannu a Rum kan sanarwar bangaskiya ɗaya game da Almasihu. A 1989 a Masar, da 1990 a ƙasar Suwis, wakilan Otodoks na ɓangarorin biyu suka amince da haka. A 1994 Fafaroma Yohana Bulus na 2 ya yi irin wannan da Mar Dinka na 4 na Ikilisiyar Gabas.

Duk da haka ikilisiyoyin ba su koma abu guda ba, domin kowace ta gina nata shugabanci, da waliyyai, da harshen ibada, wasu ma waɗanda wannan ɓangare ke girmamawa su ne wancan ya la'anta. Ga malamin da ke koyar da tarihi ko fassara, akwai abin lura a nan: ya kamata masu gardama su fara tantance ma'anar kalmar da suke jayayya a kanta kafin masu mulki su shigo da takobi, domin daga nan sulhu kan yi wuya.