Man Itace da Ƙwayar Dapsone

A watan Janairu 2020 shugabannin Togo, Senegal da Uganda, tare da wakilan waɗansu ƙasashe, suka taru a nan Lome domin maganar jabun magunguna, irin waɗanda ke shigowa ta tashoshin jiragen ruwa kamar tamu. Ƙwayar da ba ta da cikakken ƙarfi ba ta kashe ƙwayoyin cuta duka. Waɗanda suka tsira sukan hayayyafa, har magani na gaske ma ya kāsa cinsu. Shi ya sa za ka ji mutanenmu a Zongo suna cewa gara a koma ga saiwa da sassaƙe. To, 'yan'uwa, ikilisiya ta taɓa bin wannan hanya wajen jiyyar kutare, ya kamata mu san yadda aka yi.

Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda Likita Hansen na Norway ya gano a 1873. Shekaru da yawa bayan haka babu wani magani sai man 'ya'yan wani itace na Indiya da Burma, wanda ake kira chaulmoogra. In an sha, sai amai. Wata yarinya baƙar fata a Amurka, Alice Ball, ita ce ta tace shi a 1915 har ya yiwu a yi allura da shi. Ta rasu a 1916 tana da shekara 24, ba ta ga amfanin aikinta ba.

Da wannan mai ne 'yan mishan na SIM suka yi aiki sa'ad da suka karɓi jiyyar kutare a ƙarshen shekarun 1930, a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Allurar tana da zafi ƙwarai, ana yinta mako bayan mako har shekaru. Waɗansu sun sami sauƙi, amma masu cutar mai tsanani yawanci ta komo musu. Man yana rage wa ƙwayar ƙarfi, bai isa ya ƙare ta ba.

Wajen 1950 ƙwayar dapsone ta maye gurbinsa, bayan gwajin da Likita John Lowe ya yi a Uzuakoli, kudancin Nijeriya. Ga araha, ga sauƙin sha. Amma an bar ta ita kaɗai, ana ba da kaɗan kaɗan, mai sha kuma ya sha yau ya bari gobe. A 1964 aka tabbatar a Malesiya cewa cutar ta fara gagarar ta. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa uku: dapsone, rifampicin da clofazimine, don ƙwayar da ta kuɓuce wa ɗaya ta faɗa hannun ɗaya.

Yau masana suna gwada bagaruwa, marke da sabara a kan ƙwayoyin da suka gagari magani, sun kuwa ga suna hana su yaɗuwa cikin faranti a ɗakin gwaji. Ni ban raina wannan ba. Sai dai chaulmoogra ma sai da aka tace shi, aka auna, aka rubuta sunan kowane majiyyaci da abin da ya same shi, kafin aka san iyakarsa. Wannan aiki ne ya rage a yi wa itatuwanmu.