Warin Jiki da Hanyar Sauro: Nazari kan Ginin Ɗaki a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Tun da aka kammala madatsar ruwan Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, ruwa bai ƙara yin nisa da ƙauyukan yankin ba, kuma kududdufai da fadamu sukan ishi sauro hayayyafa da damina. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, duk matakin kariyar da bai lura da yadda sauro ke gano mutum ba, rabin aiki ne. Macen sauro ce kaɗai ke cizo, kuma da dare ba da ido take farauta ba. Ƙananan gaɓoɓin da ke gefen bakinta suna jin iskar kabon da muke fitarwa da numfashi tun daga nesa. In ta matso sai warin gumi ya karɓi jagoranci, ɗumin fata kuma ya nuna mata wurin sauka. A 1996 Bart Knols da Ruurd de Jong na ƙasar Holan suka nuna cewa jinsin Anopheles gambiae, babban mai yaɗa maleriya a Afirka, yana bin warin wani cuku mai kama da warin ƙafar mutum.

Wannan ne ya sa tsarin ɗaki ya zama batun lafiya. Iskar masu barci tana da ɗumi, don haka sama take tashi ta fice ta ratar da ke tsakanin bango da rufin kwano. Sauron da ya biyo warin, in ya tarar da bango, sama yake hawa, sai ya faɗo ciki ta wannan rata. Gwajin da aka yi a yankin Farafenni na Gambiya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2009, ya gano cewa sanya raga a gidaje ya rage shigowar sauro da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini ga yara.

Za a iya cewa gidan sauro ya wadatar. Amfaninsa tabbatacce ne, sai dai yana kare mutum ne bayan ya kwanta, kuma juriyar sauro ga maganin da ake jiƙa shi da shi ta bazu a Najeriya. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne zafi: wanda ya san bazarar Kano ba zai so a liƙe masa ɗaki ba, kuma gaskiyarsa ce, domin ɗaki mai zafi waje yake tura mutane su kwana. Mafita ita ce a toshe ratar da laka, a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, a sa musu raga.

Saura batun turke. Wani jinsin sauron, Anopheles arabiensis, yana cizon shanu kamar yadda yake cizon mutane, saboda haka sa ko saniyar da aka ɗaure a bakin ɗaki tana iya janyo shi da numfashinta. Matsar da turken zuwa can ƙarshen gida ba ya cin ko kwabo.