Jiyya a Gida da Jiyya a Asibiti: Tarihin Kula da Majiyyaci a Yankin Sabon Birni da Isa

Kalmar nan jinya, wadda a bakin Gobirawa da sauran mutanen yamma aka fi ji da jiyya, tana da wani abin lura. Idan aka ce wane yana jiyya, ana iya nufin shi ne kwance ba lafiya, ana kuma iya nufin shi ne zaune bisa kan wanda ke kwance. Harshen bai raba su ba, domin a ganin Bahaushe su biyun wahala guda suke sha. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aikin nan, wanda a da hakkin jini ne da zumunta, ya koma sana'a mai makaranta da takardar shaida, da kuma abin da ya biyo baya sa'ad da aka ce baƙo ne zai taɓa jikin majiyyaci.

Yankin da ake magana a kai yana cikin kwarin Rima ne, a gabashin Jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijar. A nan kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir da mayaƙan jihadi suka ci cikin 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle daga can ya gina Sabon Birni. Isa kuwa ribaɗi ce ta Sakkwato, sarautarta tana hannun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Watau garuruwan biyu, ga su kusa da juna, amma kowane da gadonsa: ɗaya na tsohuwar Gobir, ɗaya na jihadi. Duk gadon biyu sun shafi sha'anin ciwo da magani.

A tsarin gargajiya masu ba da magani suna da yawa, kuma kowa da sunan sana'arsa. Akwai boka, da malamin da ke rubutun sha, da wanzami mai ƙaho da sakiya da cire belu, da maɗori. Dukansu zuwa suke yi su yi aikinsu su karɓi abin da ya samu su tafi. Wanda ba ya tafiya shi ne mai jiyya, kuma galibi mace ce: uwa, ko mata, ko ƙanwa, ko wata gwaggo da aka aika a ɗauko daga ƙauye. Ita ke dama kunu ta ba shi a baki, ita ke juya shi in gefe guda ya gaji, ta hura wuta ta ɗumama ɗaki cikin hunturu, ta kwashe bayan gida da amai, ta wanke tufa, ta kwana ido biyu tana sauraron numfashinsa. Ba ta da sarki kamar yadda wanzamai ke da nasu, ba ta da kirari, ba ta da lada sai ta Allah. Dalili ke nan da ya sa tarihi bai riƙe sunanta ba.

Akwai wata ƙwarewa da al'ada ta tilasta mata koyo. Duk wanda ya je dubiya ya ce "Ya jiki?" amsar da zai samu ita ce "Da sauƙi," ko da kuwa majiyyacin yana bakin kabari ne. Haƙuri da alkunya sun hana Bahaushe faɗin iyakar abin da ke damunsa, balle idan ciwon ya shafi tsiraici. Saboda haka mai jiyya ba ta dogara da baki, sai ta duba ido, da launin fitsari, da ko an taɓa abincin da ta ajiye, da zafin goshi. Wannan lura ita ce tushen aikin jiyya ko'ina a duniya, kuma matan Gobir sun san ta tun kafin a kawo ma'aunin zafi.

Ta wajen tsohuwar Gobir, Inna, wadda ake naɗawa daga gidan sarauta, ita ce uwar 'yan bori, kuma girka da ake yi wa wanda iskoki suka taɓa jiyya ce ta kwanaki, ana keɓe mutum ana kula da cinsa da shansa. Ta wajen jihadi kuwa, Muhammadu Bello ya wallafa littattafan ɗibbu da dama cikin Larabci, har da wanda ya keɓe ga ciwon ido da wanda ya keɓe ga basir, Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshir al-Ikhwan cikin 1839 a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. Sai dai akasarin waɗannan rubuce-rubuce bayanin magani ne, ba bayanin zaman jiyya ba. Amma malamai sun san labarin Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa hema a masallacin Madina tana jiyyar masu rauni, wadda a wurinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Hujjar halascin mace ta yi jiyyar wanda ba danginta ba tana nan cikin littattafan sira da ake karantawa a zaurukan Isa. Ba a dai jawo ta ba ne sa'ad da bukatarta ta taso.

Ba daidai ba ne a yabi jiyyar gida a ƙi faɗin illarta. Ungozoma tana tsayawa da mai jego, ta yanke cibi, ta yi wankan jariri, ta kula da uwar har ta warware, wannan abu ne mai kyau. Amma yankan gishiri da ake yi wa mace in haihuwa ta yi gardama yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari, aska ko reza marar tsabta kuma tana jawo wa jariri ciwon sandarewa. Cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka nuna alaƙar da ke tsakanin wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya kan gadon wuta, da yawan shan kunun kanwa, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ƙauna ce ta sa ake yi, amma ƙauna ba ta hana kanwa tara ruwa a jiki.

Jiyya a matsayin sana'a an fi danganta ta da Florence Nightingale, wadda ta yi aiki a asibitin soja na Iskutari daga 1854 lokacin yaƙin Kirimiya, ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas a Landan cikin 1860. Littafinta Notes on Nursing na 1859 ba don ma'aikatan asibiti ta rubuta shi ba, don matan da ke jiyyar iyalinsu a gida ne, kuma abin da ya ƙunsa shi ne iska mai kyau, da haske, da ɗumi, da tsabta, da rashin hayaniya, da abinci, da lura da majiyyaci. Da an karanta wa wata tsohuwa a Sabon Birni, da ta gane mafi yawansa, sai dai ta yi gardama kan buɗe taga. Abin da sana'ar ta ƙara a kan jiyyar gida shi ne aunawa da rubutawa, yadda wanda ya karɓi aiki da dare zai san abin da ya faru da rana. Sai sanin ƙwayoyin cuta, wanda ya zo daga baya ya ba wanke hannu da tafasa kayan aiki dalili. Sai rajista, watau hukumar da za ta iya tuhumar mai jiyya ta kwace takardarsa.

Waɗannan sun daɗe ba su iso Gobir ba. Turawan Ingila sun ci Sakkwato cikin Maris 1903, iyakar da suka shata da Faransawa kuma ta bar Tsibiri da Maraɗi a can, Sabon Birni da Isa a nan. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, alhali a Kudu su ne suka fara horar da masu jiyya. A Lardin Sakkwato sai ta hanyar aikin kuturta suka samu shiga, kamar a Amanawa a ƙarshen shekarun 1930. A ɓangaren Faransa kuma mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin Galmi cikin 1950. Abin da talakan gunduma ya sani shi ne ɗakin shan magani na En'e da malamin asibiti, namiji, mai wanke gyambo da yin allura. An kafa hukumar ungozomomi cikin 1930, da Majalisar Masu Jiyya ta Nijeriya cikin 1947, aka haɗe su cikin 1979. Makarantar jiyya ta asibitin koyarwa na Ibadan ta buɗe cikin 1952. Amma shiga irin wannan makaranta sai da ilmin boko, ilmin 'ya mace kuwa a lardin bai yi nisa ba. Cibiyar horar da mata ta Sakkwato sai cikin 1939 aka buɗe ta. Sakamakon haka wanda ke sanye da farin kaya sau da yawa namiji ne, ko kuwa baƙuwa ce da ba ta jin Hausar Gobir, majiyyaciyar kuma matar kulle ce da ko sunan ciwonta ba ta iya faɗa wa surukarta. Miji ya gwammace ya je ya yi bayanin ciwon matarsa ya karɓo ƙwaya. Lura da majiyyaci ba ta yiwuwa ta bakin ɗan aike.

Inda aka kwantar da mutum kuwa, asibiti bai kori mai jiyya ta gida ba, biyo ta ya yi da tabarmarta. Nas tana auna zafi da bugun jini, ta yi allura, ta ɗaura ruwa, ta rubuta. Wanka da ciyarwa da kwashe ƙazanta suka zauna a hannun dangi. Aikin da Nightingale ta ɗauka guda ne ya rabu biyu, rabin ilmi ga ma'aikaciya, rabin taɓa jiki ga 'yar'uwa, kuma ba kasafai ake koya wa 'yar'uwar komi ba, ko da yake ita ce ke farke sa'ad da numfashi ya canja. Annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, da wadda ta sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina cikin 2017, sun nuna nauyin da ke kan wannan rabin na biyu, domin wanda ya fara ganin wuya ya sandare yana gida ne, ba asibiti ba.

Daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutane daga wannan yanki zuwa jihar Maraɗi, a ranar 27 ga Mayu 2020 kuma aka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. Ma'aikacin lafiya da aka turo daga wani gari yana da inda zai koma, da yawa kuma sun koma. A ƙauyukan da aka rufe ɗakin shan magani cikin waɗannan shekaru, jiyyar mai rauni da mai naƙuda ta sake faɗawa hannun uwa da ungozoma, kamar yadda take kafin 1903.