Tarihin Labaran Ɗalibai da Soyayya a Adabin Hausa: Daga Zariya Zuwa Ƙasar Zugu

Ƙagaggen labarin da ke ɗaukar ɗalibi a matsayin tauraro reshe ne na adabin Hausa da ya tsiro a ƙarni na 20, ya bunƙasa a ƙarshensa. Abubuwa huɗu sukan haɗu a cikinsa: zaman makaranta, da tazarar da ke tsakanin ɗan talaka da ɗan mai hali, da soyayya, da begen ƙauyen da aka baro. Makarantar boko ce ta haɗa su, musamman ta kwana. Ita ce ta raba yaro da garinsu, ta kwantar da shi ɗaki ɗaya da ɗan sarki da ɗan attajiri, sannan ta koya masa rubutun da zai ba da labarin abin da ya gani. Saboda haka tarihin irin wannan labari tafe yake tare da tarihin makaranta a Arewa, kuma hakan ya fito fili a ƙasar Zugu da kewayenta, wato yankin Anka da Gummi da Bukkuyum a yammacin Jihar Zamfara.

Tushen baka

Kafin boko, tatsuniya ce makarantar hikaya a ƙasar Hausa. Bayan sallar isha'i, yara kan kewaye tsohuwa a tsakar gida su ji labarin Gizo da Ƙoƙi, ko na 'yar sarki da ta ƙi kowa sai wanda ya cika wani sharaɗi mai wuya, ko na maraya da ya fita duniya ya dawo da arziki. A nan aka gaji jigon talaka mai neman 'yar manya, da jigon tafiya da komowa gida. Turawan mulki sun tattara irin waɗannan labarai tun da wuri. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, kuma da yawa daga abin da ke ciki malaman Lardin Sakkwato ne suka rubuta da ajami, lardin da ƙasar Zamfara take ƙarƙashinsa a lokacin.

Gasar 1933

Rubutaccen ƙagaggen labari na boko ya soma ne da gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933. Manufarsa ita ce samar wa 'yan makaranta abin karantawa da harshensu. Littattafai 5 suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Yawancin marubutan sun ratsa ta Kwalejin Katsina, ko a matsayin ɗalibai ko malamai.

Biyu daga cikinsu sun aza harsashin abin da ya biyo baya. A Jiki Magayi, wani attajiri mai suna Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Abubakar da budurwarsa Zainabu, sai labarin ya koma na ramuwar gayya. Wannan shi ne karon farko da littafin Hausa ya auna soyayya da kuɗi. Shaihu Umar kuwa malami ne ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa, tun daga sace shi yana yaro har kai shi ƙasashen Larabawa, ga kuma uwa da ta bazama nemansa. Rabuwa da gida da kewar mahaifa su ne ƙashin bayan littafin. Bayan haka Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, jerin gajerun labarai cikin juzu'i 3, wanda ya zama littafin aji a duk faɗin Arewa, sannan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a 1939.

A wancan zamani, yaron ƙasar Zugu da ya shiga boko ba ya da zaɓi sai ya bar gida. Rayuwar Sheikh Abubakar Mahmud Gummi misali ce sananniya. An haife shi a Gummi, ya yi elementare a Dogon Daji, ya wuce Midil ta Sakkwato, daga nan Makarantar Shari'a ta Kano, har ya kai Sudan, kafin ya zama Babban Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa a 1962. Kowane mataki na karatu ƙarin nisa ne daga gida, kuma haka abin ya kasance ga tsararrakin ɗaliban da suka biyo baya.

Yawaitar masu karatu

Tsakanin 1953 da 1959 hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna domin tallafa wa Yaƙi da Jahilci. A 1966 aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya, ya ci gaba da buga littattafan makaranta. Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Ajujuwa suka cika a ƙauyuka, aka buɗe kwalejojin horon malamai da sakandaren kwana, 'yan mata ma suka shiga fiye da da. Cikin shekara goma aka sami dubban matasa da suka iya karanta Hausa, suna kuma son labarin da ya yi kama da rayuwarsu.

Littattafan ƙarshen shekarun 1970 sun fara amsa wannan buƙata. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya ba da labarin saurayin da ya raina zaman ƙauye, ya tafi birni neman jin daɗi, ya faɗa hannun ɓata-gari. Gasar da NNPC ta shirya ta fitar da littattafai 3 a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. So Aljannar Duniya labarin wata Bafulatana ce, Boɗaɗo, da ta dage kan auren wanda take so duk da bambancin asali, kuma shi ne ake ɗauka a matsayin ƙagaggen littafin Hausa na farko da mace ta wallafa. An haifi marubuciyar a Kano, amma ta daɗe tana zaune a Gusau, inda ta yi suna wajen fafutukar haƙƙin mata. Wata gasar ta gwamnatin tarayya a 1982 ta fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da Turmin Danya da wasu.

Adabin kasuwar Kano

Tsadar takarda da matsin tattalin arziki na shekarun 1980 sun gurgunta manyan kamfanonin ɗab'i. Sai matasa suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'u, suna rarraba su kashi na ɗaya, na biyu, na uku, domin cinikin na farko ya biya kuɗin buga na gaba. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko. Aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama a Kano, aka sami dillalai a kasuwar Sabon Gari da sauran wurare.

A wannan zango ne jigogin nan huɗu suka haɗu sosai. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, labarin Sumayya ce 'yar masu kuɗi da ta kamu da son Muhammad ɗan talaka, iyayenta kuma suka nace sai ta auri attajiri Abdulƙadir. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ya juya al'amarin ta fuskar ilimi. An cire Abu daga makaranta a ƙauye, saurayinta ɗan boko ya guje ta don ba ta yi karatu ba, aka ɗaura mata aure da tsoho, ta gudu birni ta koma aji har ta zama ma'aikaciyar jinya. Littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, irin su Allura Cikin Ruwa, sun cika da 'yan mata masu karatu mai zurfi da ke son haɗa aure da aiki.

Ƙauye fuska biyu gare shi a cikin waɗannan labarai. Wani lokaci shi ne wurin auren dole da cire yarinya daga makaranta. Wani lokaci kuma shi ne wurin kunya da zumunci da hatsi a rumbu, inda ɗalibi ke komawa hutu ya sha fura da nono, ya taya mahaifinsa noma, ya ga budurwar ƙuruciya a dandali. Tauraron yakan tsinci kansa a tsakiya: a makaranta ana yi masa kallon baƙauye saboda tufafinsa da karin harshensa, a gida kuma ana ce masa ɗan boko.

Ba a bar littattafan sun wuce salin alin ba. Tun farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya soke su da rashin inganci da kwaikwayon finafinan Indiya, kuma sunan adabin kasuwar Kano da ya yi amfani da shi ya bi su. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka kare su, suna cewa sun koya wa mata da yawa karatu, sun kuma buɗe muhawara kan auren tilas. Iyaye da malaman makaranta sun yi ta ƙorafin cewa suna ɗauke hankalin ɗalibai. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Kano ta ƙona tarin littattafan da aka ƙwace daga hannun 'yan makarantar mata.

Hanyarsu zuwa ƙasar Zugu

Gusau ce ƙofar da littattafai ke bi su shiga Zamfara, tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa ta zuwa Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan sukan bi hanyar Mayanchi zuwa Anka da Ɗaki Takwas da Gummi, a kayan 'yan kasuwa ko a akwatin ɗalibai masu dawowa hutu. Littafi ɗaya kan zaga hannu da yawa, ta hanyar aro ko haya, har bangonsa ya yage. Wadda ba ta iya karatu ba takan sa ƙanwarta 'yar makaranta ta karanta mata, wasu kuma su saurara a rediyo, domin gidajen rediyon Arewa sun daɗe da shirye-shiryen karanta littattafai.

Ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996 ya matso da manyan makarantu kusa. Ban da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da aka kafa a 1975, akwai Kwalejin Ilimi ta Maru, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, sai Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013. A sassan Hausa na wasu daga cikin manyan makarantun ana nazarin waɗannan littattafai a matsayin darasi.

Zamanin waya da gajeren labari

Shigowar wayar hannu ta karya kasuwar bugaggen littafi. Marubuta, akasarinsu mata, suka koma sakin labari shafi-shafi a Facebook da WhatsApp da Wattpad, wasu kyauta, wasu sai an biya. Gajeren labari kuma ya sami sabon matsayi da gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata. Labarin da ya fara lashe ta shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, kan rayuwar 'yan gudun hijira. A 2020 Maryam Umar, ɗaliba daga Sakkwato, ta yi nasara da Rai da Cuta.

Abubuwan da suka faru a yammacin Zamfara sun sauya ma'anar begen ƙauye ga mai karatu na yankin. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi garuruwa da dama, mutanensu suka koma zaman hijira a Anka da Gusau. A Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a makarantar kwana ta Jangebe, a Satumban shekarar kuma aka rufe makarantun jihar, aka katse layukan waya na tsawon makonni. Ɗalibin tsofaffin littattafai yana kewar ƙauyen da zai koma idan an ba da hutu. Ɗalibin yau a wannan yanki sau da yawa ƙauyen nasu ya watse, ko hanyar zuwa can ba ta biyuwa, shi ya sa hijira da garkuwa da mutane suka shiga sahun soyayya da auren dole a jigogin gajerun labaran Hausa na wannan zamani.