Daga zaman dare zuwa hutun ƙarshen mako: tarihin taron masu saƙar tsinke

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa akwai wata al'ada da ta bazu tun daga ƙarshen ƙarnin da ya wuce. Mutane, galibinsu mata, sukan bar gidajensu ran Juma'a da marece, su sauka a wani masauki na ƙauye ko na bakin teku, su kwana biyu ba su da wani aiki sai saƙa. Kowa yana biyan kuɗin ɗaki da na abinci da na malamar da aka gayyato. Da safiyar Asabar sai a raba su rukuni-rukuni: waɗannan suna koyon yadda ake juya diddigen safa, waɗancan suna koyon tafiyar da zare biyu masu launi daban a layi guda, wasu kuma suna koyon cike hujin tsohuwar rigar sanyi. Da dare a haɗu a zaure ɗaya, kowa da aikinsa bisa cinya, ana hira. Ran Lahadi da azahar a watse. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce wasan masu hali ne, kuma yana da ƴar gaskiyarsa. Sai dai wannan zama da ake saye da kuɗi yau, a da talauci ne yake tilasta shi, kuma a cikinsa ne sana'ar take wucewa daga hannun babba zuwa hannun yaro ba tare da an biya ko sisi ba.

Kalmar saƙa a Hausa tana da faɗi, don haka sai an rarrabe. Ba saƙar masaƙa ake nufi a nan ba, wadda ake shimfiɗa zare a tsaye a ratsa shi da wani a kwance. Ana nufin saƙar da ake yi da tsinke biyu ko fiye, inda zare guda ɗaya yake zama zarge-zarge, kowane zarge yana riƙe da na ƙasansa, abin da ya sa tufar take miƙewa ta koma. Wannan fasaha ba ta kai saƙar masaƙa tsufa ba ko kusa. Mafi daɗewar abin da aka samu nata safunan auduga ne masu launin shuɗi da fari daga Masar, na tsakanin ƙarni na 11 da na 14. A Ispaniya kuma, cikin kabarin yarima Fernando de la Cerda wanda ya rasu a 1275, an tarar da matashin kai na siliki da aka saƙa da tsinke, da kalmar baraka rubuce da harufan Larabci a gefensa. Daga nan sana'ar ta haura arewa. A 1527 masu saƙar hula na birnin Paris suna da ƙungiyarsu, kuma maza ne.

A 1589 wani Bature mai suna William Lee, mutumin wani ƙauye kusa da Nottingham a Ingila, ya ƙera na'urar saƙa safa. Da a ce na'ura tana kashe aikin hannu nan take, da tarihin ya ƙare a nan. Amma na'urar tana da tsada da nauyi, tana zaune wuri ɗaya, alhali tsinke huɗu ba su da wani kuɗi kuma suna bin mai su gona da kiwo da kasuwa. Saboda haka saƙar hannu ta ƙara fiye da shekara 200 tana ciyar da talakawan yankunan da noma ba ya isarsu.

Ɗaya daga cikin waɗannan yankuna shi ne kwarin Dent, cikin duwatsun arewacin Ingila. A ƙarni na 18 kusan kowa a Dent yana saƙa: maza da mata, tsofaffi da yara. Ƴan kasuwar garin Kendal sukan aiko da ulu mai kauri, a rarraba gida-gida, in mai kai kaya ya dawo ya kwashe safuna da huluna da safar hannu. Lokacin yaƙin shekara bakwai, daga 1756 zuwa 1763, wakilan gwamnati sun riƙa sayen safunan yankin domin sojoji. Ladan kowace safa kaɗan ne ƙwarai, don haka sai da sauri ake cin abinci. Masaƙan sukan soke wani kube na icce a ɗamara, su cusa gindin tsinke ɗaya a ciki, hannun dama ya samu sararin jefa zare kawai. Suna kaɗa jiki gaba da baya suna waƙoƙin ƙidaya layi.

Abin da ya fi dacewa da wannan bayani shi ne zamansu na dare. Adam Sedgwick, masanin duwatsu na jami'ar Cambridge wanda aka haifa a Dent a 1785, ya bayyana shi a wani ɗan littafi da ya fitar a 1868, yana tsoho. In dare ya yi a lokacin sanyi, iyalai da dama sukan taru a gida ɗaya, gobe a koma wani, domin wuta ɗaya da fitila ɗaya su ishi kowa. Ana saƙa ana labari, wani lokaci a sa mutum guda ya karanta littafi da ƙarfi, shi ma hannunsa bai tsaya ba. Dalilin taron tsimin makamashi ne, amma ribarsa ta wuce haka. Yarinyar da take zaune kusa da gwanar unguwa tana ganin yadda ake riƙe zare, a gyara mata kuskure tun bai yi nisa ba. Wanda ya taɓa jin labarin tsofaffin mata masu kaɗi da mazari da dare, yara kewaye da su ana gatana, zai gane irin wannan makaranta da ba ta da allo.

Kada dai a yi wa zamanin ado fiye da kima. Akwai kuma makarantun saƙa na ainihi a Dent, inda ake kai ƙananan yara su wuni suna aiki, kuma marubuci Robert Southey ya adana labarin wasu ƴan mata biyu ƙanana da aka kai can wajen 1760, suka gaji da wahalar suka gudu gida da ƙafa cikin sanyi. Da masana'antu suka rinjayi kasuwar safa a ƙarni na 19, zaman dare ya mutu tare da cinikin, kuma da wuya a ce duk waɗanda suka yi shi sun yi kukan rabuwa da shi.

Sana'ar ta koma cikin ɗaki. Ta zama aikin matar gida, ita kaɗai, tana bin takardar da kamfanin ulu ya buga: yi zarge kaza, rage kaza, kada ki tambayi dalili. Yaƙin duniya na farko da na biyu sun sake tara mata domin saƙa wa sojoji safa da hula, amma da aka yi sulhu kowa ya koma gidansa.

Wadda ta fara maido da taron da gangan ita ce Elizabeth Zimmermann. An haife ta a Ingila a 1910, ta yi ƙaura zuwa Amurka a 1937 tare da mijinta Bajamushe, daga baya suka zauna a jihar Wisconsin cikin wata tsohuwar makarantar ƙauye da suka mayar gida. Ta fara da sayar wa mujallu fasalin riguna, sai ta ga editoci suna sauya mata bayani, suna mayar da rigar da ta saƙa a zagaye ba ɗinki zuwa gunduwa-gunduwa da za a haɗa da allura. Haushin wannan ya sa ta soma buga wasiƙarta da kanta a ƙarshen shekarun 1950 tana aika wa masu saye. Koyarwarta ɗaya ce: mai saƙa ta fahimci lissafin da ke ƙarƙashin tufa. In ta san yawan zargen da ke kewaye ƙirji, to wuya da hannu da hammata duk kaso ne na wannan adadi, kuma da shi za ta saƙa wa kowane jiki riga da kowane irin zare, ba ta jiran takardar kowa. Littafinta Knitting Without Tears ya fito a 1971. A 1974 ta buɗe zangon saƙa na ƴan kwanaki ƙarƙashin wani sashe na jami'ar Wisconsin a Shell Lake, wanda ake ɗauka shi ne na farko irinsa a Amurka. Ƴarta Meg Swansen ta gaji zangon, ita kuwa ta rasu a 1999. Tsarin da ake gani yau a ɗaruruwan wurare, wato darasi da rana, nuna aiki da hira da dare, nata ne. Da intanet ta zo, musamman bayan buɗe dandalin Ravelry a 2007, masu saƙa suka san juna daga nesa, suka kuma ƙara son haɗuwa ido da ido, domin motsin yatsa abu ne da gani ya kori ji a cikinsa.

Inda wannan tarihi ya fi tsanani shi ne tsibiran Shetland, can arewa da Sikotland, masu mutane kimanin 23,000. A nan saƙa ba ta taɓa zama abin nishaɗi ba sai kwanan nan. Maza suna teku, mata suna riƙe da gona da tumaki, kuma tsofaffin hotuna suna nuna su goye da kwandon makamashi a baya, hannuwa suna saƙa a kan hanya. Maimakon kuben icce, su ɗamarar fata suke ɗaurawa mai ɗan matashi cike da gashin doki, a soke tsinke a ciki. Daga tsibirin Unst ake samun mayafai masu laushin da za a zura su cikin zoben aure su wuce. Daga Fair Isle kuma salon zane mai launuka da yawa, amma zare biyu kacal a kowane layi, wanda ya yi kasuwa bayan yariman Wales ya sanya irin rigar a farkon shekarun 1920.

Duk da wannan gwaninta, matan ba su cika ganin kuɗi ba. Ɗan kasuwa yakan karɓi saƙa ya biya da ganyen shayi ko yadi ko wani kayan kantinsa, a farashin da shi ya yanka. Matar da take bukatar kuɗin haya ko na gari sai ta sake sayar da shayin da hasara. Gwamnatin Birtaniya ta aiko da mai bincike a 1872, mata suka zo suka ba da shaida, aka yi doka a 1887, amma al'adar ba ta gushe ba sai lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da sojojin da aka jibge a tsibiran suka riƙa saye da tsabar kuɗi. Da man fetur ya zo, aka buɗe tashar Sullom Voe a 1978, mata da yawa suka ajiye tsinke suka kama aikin albashi, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinsu. Uwa ta daina koya wa ƴa. Abin da ya rage shi ne darasin saƙa a makarantun firamare, wanda hukumar tsibiran take biyan malamansa.

A 2010 hukumar ta soke wannan darasi domin ta tsimi fam 130,000 a shekara. A cikin wannan shekarar ce kuma aka yi bikin makon ulu na Shetland na farko, lokacin da yarima Charles, wanda ya zama sarki a 2022, ya ƙaddamar da kamfen ɗin farfaɗo da darajar ulu. Bikin ya soma ƙarami, ya girma har ya kai kwana tara a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, da ɗaruruwan baƙi daga Amurka da Turai da Japan da Ostareliya, da darussa a garin Lerwick da ƙauyuka. Kowace shekara akan tsara hula, baƙi su saƙa ta a gida su zo sanye da ita. Hular 2014 ta Hazel Tindall ce, ƴar tsibiran, wadda a 2008 ta ci gasar saurin saƙa ta duniya da zarge 262 cikin minti uku. A 2020 annobar korona ta sa an yi bikin ta intanet, daga baya ya dawo.

Sai aka wayi gari baƙuwar da ta haye teku da kuɗin jirgi da na masauki tana zaune gaban gwanar Shetland tana koyo, alhali jikar maƙwabciyar gwanar ba ta da inda za ta koya. Taron baƙi ya yi alherinsa: ya kawo ciniki ga masu kaɗi da masu tumaki, ya sa an soma biyan tsofaffin mata ladan iliminsu da kuɗi, abin da kakanninsu ba su samu ba. Amma kwana biyu ko tara ba sa yin masaƙiya. Suna ƙara wa wadda ta riga ta iya, kuma mafi yawan masu zuwa manya ne. Saurin Hazel Tindall tun tana ƙarama ya samo asali, a gidan da kowa yake saƙa.

Mutanen tsibiran sun ga wannan giɓi. A 2015 wata ƙungiya mai kula da tsohon gidan Brough Lodge a tsibirin Fetlar ta fara shirin ShetlandPeerieMakkers, wato ƙananan masaƙa a harshen wurin. An tara kuɗin farko ta hanyar gudummawa, kuma masu saƙa na ƙasashen waje suna cikin waɗanda suka bayar. Gwanayen unguwa suka riƙa zuwa makarantu a matsayin ƴan sa kai, ba albashi, su zauna da ƙananan rukunan yaran firamare, kyauta, suna koya musu da ulun tumakin tsibiran da ɗamarar fata irin ta kakanninsu. An soma da makarantu biyar.